Lallen Ƙwarya Ɗaya

Rabona da ƙunshi ya kusa shekara talatin. In ana biki mata sun baje a tsakar gida ana ta naɗe ƙafa, sai su ce, "Hajiya, miƙo hannu mana," ni kuma in ce ƙaiƙayi yake sa ni. Ƙarya ce. Lalle bai taɓa yi mini komai ba, hasali ma duk gidanmu babu wadda yake kamawa kamar ni. Ko a bikin 'yar da na riƙa tun tana zanen goyo ban yi ba, har ta yi fushi da ni na kwana biyu. Ban taɓa faɗa wa kowa dalili ba. Inna ma har ta koma ga Allah ba ta ji daga bakina ba, kuma don ba ta nan ne nake iya faɗa yanzu.

A tsakiyar shekarun casa'in ina aikin nas a wani ɗan asibiti da ke gefen hanyar da ta bar Tudun Wada ta nufi Doguwa. Ba wani asibitin a zo a gani ba ne. Ɗakin ganin likita, ɗakin kwanciya na mata da na maza, sai rumfar kwano inda masu jira suke zama. Likita ɗaya gare mu, mutum mai haƙuri, amma in ya tashi yi maka faɗa a gaban ko waye zai yi. Sai wani dattijo mai ba da magani da kowa yake ce wa Baba Disfensa, wanda ya fara aikin asibiti tun kafin a haife ni, kuma bai taɓa bari na manta da haka ba. Sai ni. Shekaruna ashirin da 'yan kai, na fito daga makaranta da takardata, ga farin kaya ga hula, kuma wallahi kaina ya fi hular girma.

Wata rana likita ya dawo daga Kano da wani ɗan kwali, ya ce wani abokin karatunsa ne ya aiko masa daga waje. Na'ura ce mai girman ƙaramar rediyo, da waya doguwa, a ƙarshen wayar akwai wani ɗan maƙale irin na shanya. In ka buɗe bakinsa sai ka ga jar fitila tana ci a ciki. Ya ce sunanta oksimita. Ya kama yatsana ya maƙala mini, ya yi mana bayani a tsaye. Jinin da ya ƙoshi da oksijin, wato iskar da take riƙe da rai, ja ne jawur, wanda ya rasa ta kuma sai ya yi duhu. Fitilar tana sakin haske ya ratsa yatsa, wani ɗan ido a ɗaya gefen yana duban abin da ya fito, na'urar ta yi lissafinta ta nuna lamba. Daga casa'in da biyar zuwa sama, alhamdulillahi. In ta yi ƙasa da casa'in, a tashi tsaye, mutum yana cikin wani hali ko da yana yi maka murmushi.

Kafin zuwanta, leɓe muke dubawa da harshe da farce, mu yi ta ƙura ido ko sun sauya launi. A fatarmu kuwa kafin ka ga sauyin, sau da yawa an makara. Don haka ni abin ya shiga raina sosai. Ba a yi sati ba matan da ke zuwa awo suka raɗa mata ɗan duba, wai tunda ba ta tambayarka komai, hannunka kawai take riƙewa ta faɗi abin da ke cikinka. Baba Disfensa ya taɓe baki ya ce shi idonsa ya ishe shi. Ni kuwa har riga na ɗinka mata da ragowar atamfa, ni ke sa ta a caji in an tayar da janareta, kuma ba na son ganin hannun kowa a kanta. In na ɗauko ta zan sa wa mara lafiya, har tafiyata canzawa take yi.

To, ga inda abin ya fara lalacewa. Wata ranar kasuwa, likita yana can ciki yana ɗinke ƙafar wani manomi, aka kawo wata mata mai sayar da atamfa daga Doguwa, wai cikinta ke zafi. Ƙatuwar mace, goro a bakinta, ta zauna tana ba ni labarin bikin da ta dawo daga shi. Yatsunta baƙi ƙirin, sun sha wannan baƙin rini da ake kira dayis, har kan farce. Ni ban ma kula ba. Na maƙala mata na'ura, sai na ga saba'in da huɗu.

Ihu na yi. Wallahi ihu na yi, har masu jira a rumfa suka miƙe. Na jawo tukunyar oksijin ni kaɗai, abin da ƙarti biyu ke turawa, na ce wa mijinta ya fara addu'a. Ita kuwa baiwar Allah sai kallona take yi, tana cewa, "Yarinya, ni fa cikina ne yake zafi." Likita ya fito da safar hannu a hannunsa. Ya dubi matar, ya dubi lambar, ya ɗaga hannunta sama don kowa ya gani. Ya ce, "Nas, haske ne yake ratsa yatsa. Ta ina zai ratsa wannan? Ki riƙa duban mara lafiya kafin ki dubi na'ura." Ya ƙara wasu maganganu, kuma na sha tunanin ko a cikinsu ya bambanta baƙin rini da jan lallenmu na gida. Wataƙila ya bambanta. Ni dai a lokacin kunya ta toshe mini kunne, ba abin da nake ji sai dariyar mutanen rumfa, da ta matar, wadda har sai da goro ya sarƙe ta.

Daga ranar Baba Disfensa ya samu abin yi. In janareta ya ƙi tashi, sai ya leƙo ta tagar ɗakin magani ya ce, "Nas, lalle ne?" In shayinsa ya huce, lalle ne. In motar haya ta mutu a bakin titi, sai ya girgiza kai ya ce, "Lalle kam, lalle ne." Tsoho ne, ba dama in rama, sai dai in haɗiye in shige ciki ina huci. Na yi wa kaina alkawari cewa ba za a ƙara yi mini dariya a kan wannan na'ura ba. Abin da na ɗauka daga wannan rana shi ne hannu mai launi ba ya faɗin gaskiya, kuma ban tsaya raba ja da baƙi ba.

Mu bakwai Inna ta haifa, ni ce ta huɗu. Ta ƙarshe kowa Auta yake ce mata, har mijinta. Na ba ta shekara shida, a bayana ta yi wayo, ni na koya mata tsifar kai da ɗaurin ɗankwali. Yarinya ce mai sanyin hali, ba irina ba. In za ta yi dariya sai ta rufe baki da hannu, in ciwo ya kama ta sai dai ka gani a ido. Ta auri wani malamin makaranta a Kiru, aure na so da yarda, da cikinta na fari ya tsufa aka kawo ta gida wajen Inna, a ƙauyenmu da ke kusa da Ƙofa, kamar yadda aka saba. A farkon damina ta haifi 'ya mace.

Ana jibi suna na karɓi izini na tafi gida. Ni na kwaɓa lallen da hannuna a tsohuwar ƙwaryar Inna, na matsa lemun tsami, na bar shi ya tsumu. Da hantsi na zaunar da Auta a ƙarƙashin rumfa na yi mata ƙafa da hannu, na naɗe, na zura mata hannuwan a zunguru, wato doguwar ƙwaryar nan da ake sakawa don kada lalle ya goge. Lallen ya yi saura a ƙwarya, ta ce, "Yaya, kada ki bari ya lalace, ke ma ki sa." Wata 'yar maƙota ta naɗe mini nawa. Muka zauna mu biyu hannuwa a ɗaure tun hantsi har la'asar, Inna tana kore mana ƙuda tana yi mana faɗan surutu, jaririya tana barci a tsakaninmu. Da muka kwance muka wanke, Auta ta jera hannunta kusa da nawa tana dubawa. Ta ce, "Kai, Yaya, ba a yi adalci ba. Ni ce maijego, amma naki ya fi nawa kamawa." Gaskiya ta faɗa. Nata ja ne mai haske, nawa ya nuna har yana neman yin duhu.

A zuwan nan na ga yadda Inna take yi mata jego. Safe da yamma ana tafasa ruwa a ƙatuwar tukunya, a tsoma ganyen darbejiya a riƙa fyaɗa mata. Ta fito ta hau gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi, sannan a miƙo mata kunun kanwa cike da kwano, kanwar har ɗaci take yi. A makaranta an gaya mana yawan kanwa da yawan zafi suna wahalar da zuciyar maijego. Na ce, "Inna, da an rage kanwar nan." Ta juyo ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Da shi na yi jegonku ku bakwai, har ke mai farin kayan." Ni da ba na barin ta kwana da kowa, a gaban Inna bakina mutuwa yake yi.

Bayan suna da kamar sati biyu, ranar Alhamis, abin ya faru. Duk Alhamis likita yakan tafi Doguwa duba marasa lafiya, ya ratsa dajin da ke kan hanya, ba ya dawowa sai yamma lis, kuma a lokacin babu wayar da za ka kira shi. Da hantsi ina tsaye a bakin rumfa sai na ga bas ta tsaya, Inna ta sauko da goyon jaririya, Auta ta biyo ta a hankali. Maijego ba ta fita kafin arba'in, balle a hannun Inna. Daga bakin titi zuwa rumfa ba wata tafiya ba ce, amma sau biyu Auta tana tsayawa ta dafa gwiwa.

Na ce, "Inna, lafiya?"

Ta ce, "Tari ne ya matsa mata. Kwana uku ke nan ba ta kwanciya, a zaune take barci ta jingina da bango. Na ce sanyi ne ya shige ta, mijinta ya nace sai an kawo miki ita."

Na shigar da su ciki. Ƙafafun Auta sun kumbura, zanen lallen da na yi mata ya baje, silifas ɗinta ya yi mata shaida. Na danna da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Inna ta ce, "Kumburin jego ne, ni ma na yi shi a haihuwarki." Na duba farcen Auta, ja ne na lalle, ba abin da za ka gani a ƙarƙashi. Sai na zare wa na'ura rigarta na maƙala mata a manuniya.

Tamanin da uku.

Na mayar a ɗan yatsan tsakiya, tamanin da biyu. Na koma ɗaya hannun, tamanin da huɗu. Ƙarar bugun zuciyarta tana fita daga na'urar da sauri da sauri. Idona ya kai kan tukunyar oksijin a kusurwa. A daidai lokacin Baba Disfensa ya leƙo ta tagarsa ya ce, "Nas, nawa ta nuna?"

Ni abin da na ji a muryarsa tsokana ce. Na ga rumfa cike da mutane, na tuna matar Doguwa da goronta, na hango likita ya dawo an ce masa na sake tayar da hankalin asibiti, wannan karon ma a kan ƙanwata. Zuciya ta ɗebe ni. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji na ce, "Lalle ne, Baba. Ba ka ga hannunta ba? Yau dai ba za ka samu abin dariya ba."

Ya ce, "To." Ya mayar da kansa ciki.

Auta ta ce, "Yaya, me ɗan duban naku ya ce?"

Na ce, "Ya ce kin cika kwalliya."

Ta sa hannu ta rufe baki za ta yi dariya, tari ya ƙwace mata, ta daɗe tana yi. Na sa abin sauraren ƙirji a bayanta na ji huhunta yana wani ƙara kamar ana taka busasshen ganye. Na ce wa kaina sanyin ƙirji ne. Ba zan ce ban san akwai wata fassarar ba. Na sani, na karanta, kumburi da rashin iya kwanciya da tari a jikin maijego duk suna cikin littafina. Amma ina so ya zama lalle ne, don in lalle ne ƙanwata lafiyarta ƙalau, ni ma ban ji kunya ba. Na rubuta mata ƙwayoyin sanyin ƙirji da maganin tari na ruwa, Baba Disfensa ya ba su.

Da suka tashi tafiya Auta ta riƙo gefen rigata. A hankali ta ce, "Yaya, ko in kwana a wajenki? Gobe sai likitan ya gan ni."

Inna ta ce, "Wace irin magana ce wannan? Maijego da kwanan waje? Ga hadari yana haɗuwa, ga ruwan wankan yamma ko ɗorawa ba a yi ba."

Kalma ɗaya ce tawa a nan. Da na ce ta zauna, Inna za ta yi faɗanta ta gama, amma za ta bar ta, don a cikin asibiti maganata ake ji. Sai na ce, "Ki bi Inna, Auta. Ki sha maganinki, kuma ki kiyayi sanyi." Ki kiyayi sanyi! Ni da bakina na faɗa, a gaban Inna, wadda a wajenta ma'anar wannan magana ita ce a ƙara itace a ƙara kanwa. Na raka su bakin titi na tsayar musu da bas. Auta ta ɗago mini jan hannunta ta taga. Da likita ya dawo da yamma ya tambaya ko an samu wani abu, na ce babu.

Ranar Asabar da safe mijin Auta ya zo a kan babur, wandonsa duk taɓo. Ko gaisuwa bai yi ba, ya ce, "Yaya, ki zo." Likita yana tsaye, ya tambayi abin da ke faruwa. Ina haɗa jaka ina faɗa masa, kuma da na ji maganar tana fita daga bakina a jere, ni kaina na san sunan ciwon.

Ya ce, "Maijego, da kumburi, ba ta iya kwanciya? Yaushe kika gan ta?"

Na ce, "Shekaranjiya."

"Kin sa mata na'ura?"

"Na sa. Hannunta da lalle."

"Nawa na tambaye ki."

"Tamanin da uku."

Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Makullin motarsa kawai ya ɗauka, ya ce a saka tukunyar oksijin a baya, ya ɗebi allurai. Na'urar ma bai waiwaye ta ba. Muka bi ta Kwanar Dangora muka shiga hanyar ƙauyenmu.

Mun same ta a zaune a kan gadon ƙasa, Inna ta tallafe ta, ɗakin ya ɗau zafi kamar gidan burodi. Numfashinta tun daga zaure ake jin sa, kumfa tana fitowa a gefen bakinta. Likita ya ce a kashe wutar nan, a fito da ita waje. Ya yi mata allurar da ke sauke ruwa daga jiki, ya sa mata oksijin, ya ce sai Kano, yanzu yanzu. Muka sa ta a bayan mota a zaune, ni ina riƙe da ita, mijinta a gaba. Inna ta tsaya a ƙofar gida da jaririya tana ta salati.

Ta gane ni. Ta buɗe ido ta ce, "Yaya," ta nemi hannuna ta damƙe. Na riƙa ce mata mun kusa, mun kusa, alhali ko babban titi ba mu hau ba. Ina kallon hannayenmu a kan cinyarta, launi ɗaya, zane ɗaya. Muna isa wajen Bagauda, inda ake hango ruwa daga titi, na ji riƙon ya saki. Na kira ta, na girgiza ta. Likita ya gangara gefen hanya ya tsaya a ƙarƙashin wata bishiya, ya zagayo ya duba wuyanta da idonta, ya daɗe. Sannan ya rufe tukunyar oksijin ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Mijinta ya fita ya tsuguna a bakin kwalta ya rufe fuskarsa da hula. Muka juyo da mota. Bayan la'asar aka kai ta makwancinta.

Kafin ya tafi, likita ya ja ni gefe ya ce zuciyarta ce ta gaza, ruwa ya cika huhu, kuma ya sha ganin haka a wajen masu jego. Ya ce wasu ko an kama da wuri ba sa tashi. Na ce, "Da an kama ranar Alhamis fa?" Ya ce, "Kwananta ne ya ƙare, Nas. Ki yi mata addu'a." Bai amsa abin da na tambaya ba, kuma na lura.

Kwana bakwai na yi a gida ana karɓar gaisuwa. Matan Fulanin da ke rugar bayan gari suka riƙa aiko da madara ana tafasa wa jaririya, daga baya da aka yaye ta daga hannun Inna ni na ɗauke ta. A kwanakin nan abu ɗaya na riƙe yake hana ni haukacewa. Nakan ce wa kaina, ai hannunta da lalle, na'ura ba za ta iya gani ba, ko wace lamba ta nuna ba abin yarda ba ce, duk wanda ke wurina abin da zai yi ke nan. In mata sun zo gaisuwa sai Inna ta nuna ni ta ce, "Yayarta ta yi iya ƙoƙarinta, har na'urar Turawa ta sa mata, ba a ga komai ba. Abin daga Allah ne." Ita kuma a ranta kanta take tuhuma, na sani, don tun ranar ba a ƙara dama kunun kanwa a gidan ba. Na bar ta da nata, na riƙe nawa.

Ranar da na koma aiki da sassafe na isa, masu jira ba su fara taruwa ba. Na share ɗaki, na goge tebur, na zo kan na'ura. Lallen tafin hannuna ya fara kodewa, amma na farce yana nan daram, sai ɗan farin da ya fara tsirowa daga gindi. Na tsaya ina kallon hannuna a kan rigar atamfar. Wallahi har wannan lokaci tunanin bai taɓa zuwa mini ba. Ranar Alhamis ɗin nan hannun nan yana jikina, da shi na riƙe maƙalen, da shi na maƙala mata. Ƙwarya ɗaya, kwaɓi ɗaya, kuma ita da bakinta ta ce nawa ya fi kamawa.

Na zare rigar, na kunna, na zura manuniyata. Jar fitilar ta haska farcen. Na rufe ido ina roƙon Allah ta nuna tamanin, ta nuna saba'in, ta nuna ko mene ne. Da na buɗe, casa'in da takwas.

Na sa ɗan yatsan tsakiya. Casa'in da takwas. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har goma, har babban yatsa da ba a sakawa, babu wanda ya sauko ƙasa da casa'in da bakwai. Ban ji shigowar Baba Disfensa ba, sai ganinsa na yi a tsaye a gefena da makullan ɗakin magani a hannu. Ya dubi lambar, ya dubi jan farcena a cikin maƙalen, ya daɗe yana dubawa. Tsoho ne mai ganewa, ba sai an yi masa bayani ba.

Ya ce, "'Yata, ran nan da na tambaye ki nawa ta nuna, ba tsokanarki nake yi ba. Numfashinta na ji daga taga."

Na ce, "Me ya sa ba ka faɗa ba, Baba?"

Ya ce, "Ni na mayar da maganar abin wasa. Da na faɗa, za ki ji?"

Mu biyu mun san amsar. Ya juya a hankali ya tafi buɗe ɗakinsa, kuma har ya bar aiki ban ƙara jin kalmar lalle a bakinsa ba. A waje an fara taruwa, wata mata tana sallama tana tambaya ko nas ta zo. Na cire yatsana, na hura shi, na goge shi a jikin rigata, na sake zurawa. Ta sake nuna casa'in da takwas.